Giga Huɗu a Domayo

Shagona taku uku ne daga ƙofa zuwa bango,
a Domayo, bayan mai gasa kifi.
Ina buga wa mutanen Marwa takardu:
neman aiki, ƙarar kan iyaka, yarjejeniyar albasa.
Kwamfutata ta girmi autana.

Da safe in na kunna ta sai in ɗora shayi.
Ya tafasa, in sha, in ɗauraye kofi,
ita tana nan tana miƙa.
'Yar da'irar nan na ta zagaye
kamar akuya a turke.

Ran Talata Bobbo Saliyu ya gaji da tsayuwa,
ya naɗe takardarsa, ya tsallaka titi
wurin yaron da ya buɗe shago jiya-jiya.
Ban ce uffan ba.
A maƙogwaro abin ya tsaya mini.

Na rungume ta a bayan babur kamar mai jinya,
muka haye gadar Kaliyawo,
rairayi zalla a ƙasa, yara na ƙwallo,
har rumfar Njidda mai gyara.
Na ce a ƙara mata ƙwaƙwalwa,
an ce in an ƙara, tashi take kamar zabuwa.

Bai ɗago ba, sukudireba a bakinsa.
Da ya cire sai ya ce,
"Malama, ram ba wayo ba ne,
teburin tela ne.
In ya yi kaɗan, yadi na zubewa ƙasa,
ɗauko wannan, ajiye wancan,
rabin yini ya tafi a sunkuyo.
Faɗaɗa masa, ki sha kallo.
Amma in tun farko teburin ya ishe shi,
ko filin jirgin Salak kika shimfiɗa masa,
allurar dai ɗaya ce."

Na ce, tawa fa?
Ya kunna, muka jira, ya nuna da farce:
biyu gare ta, biyun sun cika maƙil.
"Wannan ko faifan tuwo bai kai ba."

Jaka tara.
Kuɗin da na ware wa buhun dawa.
Ya zaro wani ɗan kore, bai fi mataji ba,
haƙoransa ruwan zinariya.
Ya danna, ya ce ƙas.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ta sauya.
Shafi biyar a buɗe ba ta shaƙe ba,
hoton fasfo ya daina fitowa rabi-rabi,
na buga wasiƙa goma sha ɗaya kafin azahar.
Amma da safe
har yau shayi ke riga ta.

Na koma da wasu jaka tara a hannu.
Njidda ya yi dariya har da tari.
"Mayar da kuɗinki.
Rabin teburin ma zaman banza yake yanzu.
Saura rumbun: ya tsufa,
sai ya yi lalube cikin duhu kafin ya miƙo.
Wannan wata cutar ce, wani kuɗin."

Da dare na tambayi Dada
sunan wanda ya sayar wa babanmu da filin Meskin.
Ta yi shiru, tana murza carbi.
Na kwashe kwanoni, na rufe kaji,
har na manta na tambaya.
Ina cikin gidan sauro na ji muryarta:
"Hamagabdo. Mai guntun yatsa.
Ranar an yi ruwa da ƙanƙara."

Washegari sai ga Bobbo Saliyu,
yaron can ya rubuta masa Salisu.
Na ce zauna, ga kujera.
Na kunna ta, na ɗora shayi,
na ɗauko kofi biyu.